Na Saka Dogo a Fim

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata ke da maigidanki kuna lafiya. Allah Ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, Inna ta warware har ta koma kan keken ɗinkinta.

Yaya, maganar ɗanki Dogo ce ta sa na ɗauki biro. Kin bar mini shi amana, ni kuma na saka shi a fim ɗina ban shawarce ki ba. Ƙaramin fim ne, irin namu da ba kowa ke kallo ba, a kan samarin da zaman banza ya jefa cikin faɗan unguwa. Na ga yana da kallon da nake nema, na wanda duniya ta ishe shi. Maimakon in tambaye shi abin da ke damunsa, sai na ba shi adda na kunna kyamara.

Mun nuna fim ɗin a wani ɗaki saman kantin littattafai, kujerun ma ba su cika ba. Amma wani ya yanko inda Dogo ke bin mutum da addar a lungu, ya watsa a waya, ba suna ba bayani. Mai garejin da yake koyon aiki a wurinsa ya sallame shi. Na je na nuna masa fim ɗin gaba ɗaya, ya ce shi ya yarda wasa ne, amma masu kawo gyara ba za su zauna su kalla ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, samarin bakin gada, masu yin faɗan unguwar da gaske, sun fara miƙewa in zai wuce suna ce masa oga. Shekaranjiya na ga ya ɗaga musu hannu yana murmushi. Da na yi masa magana, sai ya ce tunda yake ba a taɓa tashi tsaye saboda shi ba sai yanzu.

Ki kira shi don Allah, yana jin maganarki. Kada ki yi masa faɗa, ni ya kamata ki yi wa. In da hali ya zo wurinki ya kwana biyu. A fim ɗin, kwance yake ƙarewa a cikin kwata, kuma ni na yi ta sa shi maimaita faɗuwar har sai da ta yi mini kyau.

Inna da Kawu suna gaishe ki. Ki shafa mini kan Auta.

Taki,
ƙanwarki mai neman afuwa.