Ɗigon Ruwa a Kan Zare

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Ƙafar ta yi sauƙi? Ki shafa mini kan yara.

Ni lafiya lau, aiki sai godiya. Zaren roba muke yi, wanda ko gashin jariri ya fi shi kauri. Idan ya taru sai ya zama farin ƙyallen ɗaure rauni. Aikina in shafa masa sinadari don ya riƙa shan ruwa, sannan in ɗiga ruwa in zuba ido. In sinadarin ya kama, ɗigon ya nutse. In bai kama ba, ya tsaya cak, sannan ya gangare.

Haka ruwan da na ɗiga wa Baba a leɓe ya gangare ranar da ya rasu. Kullum sai na sake ganin abin. Jiya na kasa ɗiga ruwan daidai, na ce wa shugabata sanyi ne. Kada Inna ta ji.

Yaya, ke kika riƙe kansa, ni hawaye ya rufe mini ido. Don Allah ki gaya mini gaskiya: ya haɗiye ko da ɗigo ɗaya?

Allah ya jiƙansa.

Ƙanwarki