Gidan Burodin da Bai Taɓa Rufewa Ba

Daga: Mai Gidan Burodi, Layin Tsohuwar Tasha
Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Hukumar Farfaɗo da Masana'antu da Zuba Jari
Kwanan wata: 17 ga Afrilu

Game da: Ƙin karɓar fom ɗina saboda gurbi na bakwai

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kujerarka, ina neman izini in gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 3 ga Maris Hukumarka ta sanar a rediyo cewa duk mai masana'anta a layinmu ya yi rajista kafin 30 ga Afrilu, wanda bai yi ba kuwa za a ba sababbin masu zuba jari filinsa. Washegari na je da takarduna cikakku.

2. Gurbi na bakwai a fom ɗin yana neman ranar da masana'anta ta rufe saboda yaƙi. Na rubuta gaskiya, cewa ba mu taɓa rufewa ba. Jami'in teburin farko ya maido mini da shi, wai kwamfuta ba ta karɓar magana a gurbin, sai lambobi.

3. Na koma ranar 11 da 25 ga Maris, da kuma 8 ga Afrilu. An yi ta jifa da ni daga tebur zuwa tebur har na san wanda ke cin goro da wanda ke gyangyaɗi. A zuwan ƙarshe wata jami'a, cikin tausayi, ta ba ni shawarar in ƙirƙiri kowace rana, tunda ba mai dubawa. A gabana kuma aka buga wa maƙwabcina mai kamfanin katako hatimi, ko zama bai yi ba. Shi ya kwashe injinansa tun makon farko ya tsallaka iyaka, don haka yana da ranar rubutawa. Ban ga laifinsa ba, rai ya fi dukiya. Amma wannan ai shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

4. Ranka ya daɗe, shekara uku na yaƙi tandarmu ba ta huce ba. Ranar 9 ga Yuni na shekara ta biyu harsashi ya sami maigidana yana turo buhun fulawa a baro, taku kaɗan daga ƙofa. Da hantsi aka kai shi makwancinsa, da azahar muka hura wuta, domin asibitin unguwa yana jiran burodin majinyata. Idan na rubuta cewa mun rufe, na ce ke nan ya mutu yana kai fulawa ƙofar da ke kulle. Hannuna ba zai iya ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai da aka nemi haka daga gare ni.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya ba da umarni a ƙara gurbi domin waɗanda suka tsaya, a kuma karɓi fom ɗina kafin wa'adi ya cika, kwana goma sha uku ya rage. Idan kuwa doka ta nace sai an rubuta rana, to a turo jami'i ya tsaya gaban ma'aikatana tara ya zaɓa da bakinsa, ya gaya musu wace rana ce ba su zo aiki ba.

Allah ya ja zamaninka, a gafarce ni idan harshena ya yi kaifi.

Taka mai biyayya,
Mai Gidan Burodi, wadda layi ke kira Uwar Tanda
(sa hannu)