Kututturen Gida Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Daga: Babbar 'yar mai gida,
Gida mai lamba 14, Layi na Uku,
Rukunin Gidajen 'Yan Fansho.

Juma'a, 9 ga Yuni.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Ayyuka,
Hukumar Kula da Gidajen Ma'aikata.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TONE KUTUTTUREN DA BA SHI AKA NEMA BA, DA RAMIN DA AKA BARI A BUƊE

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina rubuta wannan takarda ne a madadin mahaifina, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin gini a sashen da kake shugabanta. Tsofaffin ma'aikatanka sun fi saninsa da Sai-an-gwada, saboda ba ya aza bulo ko ɗaya sai ya ɗora masa ma'auni. Shekara shida ke nan da idonsa ya rufe. Bai san ina rubutawa ba, da ya sani kuwa da ya hana ni.

1. A tsakar gidanmu akwai kututture biyu, na bishiyoyin da hukuma ta sare saboda wayar lantarki. Na bakin ƙofa gara ta cinye shi, saiwarsa kuma ta fasa mana kwata. Na tsakiya lafiyarsa ƙalau, tsayinsa ya kai ƙugu, don mahaifina ne ya roƙa a bar shi haka. Da kansa, yana lalube, ya ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinsa zuwa jikin kututturen, ya ɗaura wata daga nan zuwa banɗaki. Taku goma sha ɗaya ya dafa kututture, ya juya hagu, taku bakwai ya isa. Da wannan igiya ya yi shekara shida bai ce wa kowa ya kama masa hannu ba. Har tsiya yake yi mini, wai ni mai ido biyu na fi shi yawan tuntuɓe a gidan, kuma gaskiyarsa ce.

2. Ranar 12 ga Mayu ni da hannuna na cike takardar neman a tone na bakin ƙofa. Sau biyu na rubuta wanda nake nufi, na ja masa layi. Kwafinta na haɗe da wannan. Takardar da aka miƙa wa masu aiki kuwa, wadda na gani daga baya, cewa kawai ta yi kututture ɗaya, gida mai lamba 14.

3. Ranar Talata, 23 ga Mayu, da misalin ƙarfe goma na safe, ina makarantar da nake koyarwa, ma'aikata huɗu suka zo. Shugabansu, kamar yadda ya gaya mini da bakinsa, ya dubi na bakin ƙofa ya ga ko da ƙafa aka ture shi zai faɗi, sai ya yanke cewa ba a turo mutum huɗu da mota saboda wannan ba. Suka far wa na tsakiya. Mahaifina yana ɗaki da rediyonsa, ga kunne ya fara nauyi, yana jin ƙarar diga da gatari sama-sama. Ya ɗaga murya ya yi musu sannu da aiki, ya ce akwai ruwan sanyi a tulu, ya sa musu albarka. Suka amsa daga waje. An ce matambayi ba ya ɓata, amma a cikin su huɗun babu wanda ya leƙa ya ga mai maganar, balle ya tambaye shi.

4. Igiyar kuwa sun ɗauka ta shanya ce. Suka kwance ta, suka ƙulla guda biyun wuri ɗaya, suka ɗaure tsaf a ƙarfen tagar banɗaki, ta ratsa daidai ta kan ramin. Ban ce mugunta ce ba, Ranka ya daɗe. Na yarda kirki suka yi niyya, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Suka bar rami mai zurfin ƙugu suka tafi, domin a tsarin sashenku masu tono daban, masu cikowa daban.

5. Da azahar mahaifina ya fito, ya kama igiyarsa, ya soma ƙirga. A taku na goma ya miƙa hannu zai dafa. Matar maƙwabcinmu ce ta same shi a cikin ramin bayan la'asar, da ta shigo aron bokiti. Bai yi ihu ba. Abin da ya fito yi a banɗaki a cikin ramin ya same shi, sai ya gwammace ya zauna a haka da ya tara mutane su gan shi. Sai da ya roƙe ta ta jefo masa zane kafin ya yarda ta kira maza. A asibiti an sami karaya a wuyan hannunsa na dama da targaɗe a gwiwa.

6. Na zo ofishinku ranar 25 da ranar 30 ga Mayu, na sake zuwa ranar 5 ga Yuni. Masu tono suka ce nasu aikin ya ƙare. Masu cikowa suka ce ba a ba su takarda ba. Akawu ya buɗe fayil ya nuna mini inda aka rubuta an kammala. Na ce to zan sa a cike da kaina, aka ce ba a taɓa aikin hukuma a gidan hukuma sai an zo an duba. Yanzu tsohon ƙyaure na ɗora a kai. Kututturen bakin ƙofa kuwa yana nan daram, gara na ta shagalinta.

7. Mahaifina bai zargi kowa ba. Cewa ya yi yaran nan takarda suka bi, laifin na wanda bai koya musu ba ne, don su a zamaninsu ba a tashi aiki a bar rami da baki a buɗe. Ni ban kai shi haƙuri ba. Na ɗaura sabuwar igiya ta bin bango, nesa da ramin. Ya shafa ta, ya sake ta, ya ce igiya ba ta gaya wa mutum abin da ke ƙarƙashinta. Ni nake kai shi banɗaki kafin in fita da bayan na dawo, kuma na lura ya rage shan ruwa don kada ya buƙaci fita ba na nan. Duk sanda na kama hannunsa sai ya ce in yi haƙuri. Ni da na cike takardar da ta jawo wannan, ni yake ba haƙuri.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon a cike ramin a daddale shi, a kafa turke mai ƙarfi a daidai gurbin kututturen, tsayin ƙugu. Ba na neman a kori kowa ko a hukunta shi. Abin da na fi so shi ne a turo shugaban ma'aikatan nan ya zo da kansa, ya yi sallama, ya taka wurin tare da mahaifina, ya tabbatar masa ƙasa ta zauna. Ni in na faɗa, cewa zai yi lallashi ne. Amma zai yarda da maganar ma'aikaci ɗan'uwansa.

Ina roƙon kada wannan takarda ta kwana a fayil. Jiya da safe ya kira ni, ya juya fuskarsa wajen bango, ya ce in na bi ta kasuwa in sayo masa fo, irin wanda ake ajiye wa majinyaci a ƙarƙashin gado. Na ce to. Da na dawo na ce masa shagon a rufe yake. Yau zan ce na manta. Ban san abin da zan ce masa gobe ba.

Allah ya ƙara girma, ya sa ka duba da idon rahama.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Babbar 'yar Sai-an-gwada,
Gida mai lamba 14, Layi na Uku.