Piyanon Shagon Alhaji Surajo

Karmo

Kawu Timothy,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya gona, ya kunnen? Da kana jin waya, da na kira ka na yi kukana na huta. Dole sai takarda ta hannun direban Abaji.

Kibod ɗin cocinmu ya ƙone, wuta aka kawo da ƙarfi. Jarabawar makarantar kiɗa ƙarshen wata ce, kuma baɗi zan wuce shekarun da suke ɗauka kyauta. Na je wani babban coci a Wuse neman abin da zan yi atisaye a kai, suka ce sai membobi. Na je otal, maigadi ya dubi takalmina ya ce oga ba ya nan. Wata makaranta a Gwarinpa ta yarda, ina zuwa na tarar an yi hutu an garƙame. Yanzu tebur nake dannawa kamar mai taɓin hankali. Kai ka ɗora yatsuna a kan wannan abu, ka gaya mini inda zan sa kaina.

'Yarka,
Vivian

Abaji

Vivian 'yata,

Muna lafiya, doya ta yi kyau, kunne kuwa ya yi ritaya. Share hawayenki. Na sha gaya miki kibod ba piyano ba ne. Maɓallansa laushi kamar soso, na piyano kuwa sai yatsa ya ci tuwo, kuma a kansa za a gwada ki. Kin yi ta zuwa wurin waɗanda suka san darajarsa, shi ya sa suke kulle shi. Je ki wurin masu kayan gwanjo, su da ba su san abin da ke hannunsu ba. Mai nema yana tare da samu.

Ubangiji ya kiyaye ki.
Kawunki

Karmo

Kawu,

Ina gaisuwa. Na samu! Wani Bakano ne, Alhaji Surajo, mai sayar da kujeru da firji na gwanjo. Piyanon ya biyo kwantena, a kansa yake ajiye filas ɗin shayi. Na durƙusa na roƙe shi. Ya ce, "Akwatin nan ya cinye mini wuri. Ki kaɗa, amma in an kira salla ki ɗaga hannu."

Gaskiyarka, yatsuna har kumbura suke yi. Kullum yana cewa in ƙara ƙarfi, kwastoma su ji yana aiki. Ina ta ƙarawa.

Vivian

Karmo

Kawu,

Ban ma san yadda zan gaishe ka ba. An saye piyanon, kuma ni na sayar da shi da hannuna. Ya daɗe a wurin ba wanda ya taya. Jiya ina cikin kiɗa wata Madam Patricia daga Maitama ta tsayar da mota, ta saurara har na gama, ta ce zai yi wa falonta kyau. Ko taɓa shi ba ta yi ba. Na roƙe ta in riƙa zuwa gidanta, ta ce karnukanta ba sa son baƙi. Gobe za a ɗauke shi, ga hannun haguna bai zauna ba tukuna.

Na zauna a bayan firji na yi ta kuka har Alhaji ya tambaye ni wa ya rasu. Na gaya masa komai, har labarinka da na kunnenka. Kawu, na gaji.

Vivian

Karmo

Malam Timothy,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne Surajo mai shago. A sana'armu ba a sakin kaya sai an gama gwaji. Na gaya wa Madam mai gwajina ba za ta gama ba sai ƙarshen wata. Ta yi fushi ta fasa. Kasuwa ta Allah ce.

An ce ba ka ji. Yau yarinyar tana kiɗa na ɗora tafina a kan katakon, ana jin abin har gwiwar hannu. Ka biyo direban nan ka zo, na ajiye maka kujera kusa da shi.

Wassalam,
Surajo