Likkafanin Alhaji Nagoda

Tudun Wada, Zariya, 3 ga Yuli, 1938

Zuwa ga ɗalibina Muntaka, akawun tashar jirgi a Nguru. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Bayan haka, jiya ina kwashe tarkacen aji na ci karo da ƙwaryar da Kailani ya kifa a ka ranar da kuka yi wasan mutanen Masar na dā. Shekara goma ke nan! Na zauna ina ta dariya ni kaɗai. Ka tuna jigon da muka aro daga lambu, da baƙin zanen da muka shimfiɗa muka ce Kogin Nilu ne? Ga Salmanu, gawar sarki, naɗe da farin ƙyallen da ka kawo, ana tsakar makoki atishawa ta ƙwace masa. Wallahi ina kewar ajin nan naku.

Abu na biyu: mahaifinka Alhaji Nagoda yana kwance, jiki ya yi nauyi. Ka zo gida.

Ka huta lafiya.
Malam Isiyaku

Nguru, 12 ga Yuli

Allah gafarta Malam, ina gaisuwa tare da ladabi.

Takardarka ta sa ni dariya, ta kuma sa ni kuka. Malam, ƙarya na yi maka da na ce farin ƙyallen nan tsohon zane ne. Daga ƙasan adakar Baba na ɗauko shi. Sai bayan mun yayyaga shi Inna ta gaya mini likkafaninsa ne, wanda ya tsoma a ruwan Zamzam, ya taho da shi daga Makka a ƙafa. Bai doke ni ba, bai ce uffan ba. Da ma dukana ya yi! Ina gama makarantar Midil na nemi aikin da ya fi nisa da Zariya. Da wane ido zan dube shi yanzu, ga shi lokacin bukatar abin ya matso?

Ɗalibinka mai biyayya,
Muntaka

Tudun Wada, 19 ga Yuli

Muntaka, bayan gaisuwa.

Kai dai tun kana aji biyu ka iya ɓuya bayan allo. Ka ɗauka ban sani ba? Alhaji yana tsaye a bayan taro ranar, ya gane kayansa tun kafin a ajiye Salmanu, amma bai tafi ba sai da aka tashi. Rabin laifin nawa ne, ni na ce kowa ya kawo abin da ya samu ban tambayi daga ina ba. Washegari na je zaurensa na durƙusa, kuma ban mutu ba.

Abin da ke ransa game da kai, ban sani ba. Ba a takarda ake jin wannan ba. Ka hau jirgi.

Wassalam.
Isiyaku

Tudun Wada, 26 ga Yuli

Allah gafarta Malam, ga yaro da takarda, na kasa barin ɗakin Baba.

Na durƙusa na faɗi komai. Sai ya ce, "Ƙyalle ai na yafe tun ranar. Shekara goman da ka hana ni ganinka ce ban yafe ba tukuna. Zauna."

Ina zaune, Malam. A sa mu a addu'a.

Muntaka