Ƙanen Kananzir

Talata da dare, Yantala

Yau dai Inna ta kunna gaz da hannunta. Tun da likita ya ce hayaƙin icce ne ke cin ƙirjinta na sayo butalin gaz ɗin nan, amma ko taɓa shi ta ƙi. Wai abin da ba ta san asalinsa ba, ba zai dafa mata tuwo ba. Ni kuwa da nake yini ina kai wa mutane gaz a bayan moto mai ƙafa biyu, iyakar sanina in ka girgiza ruwa ne, in ka buɗe iska ce.

Da ƙanwata Rahila ta dawo daga lise, makarantarsu ta sakandare, na ce, "Ke mai karatun kimiyya, taimaki yayanki." Ta ɗebo gujiya ta jera huɗu a tabarma, ta ce ƙwayoyin karbon ne riƙe da juna, gaz ke nan. Ta ƙara huɗu, ya zama esansi, wato fetur. Ta yi ta ƙarawa, kananzir, gazuwal na manyan motoci, har kwalta. Na lura da layin ya ƙara tsawo sai abin ya ƙara kauri.

Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe ƙanen kananzir ne? To me ya hana ku faɗa mini ɗan gidan wa ne? Da yayansa na girma. Miƙo ashana."

Ta ce tuwon bai kai na murhu ba, har da hararata. Ban damu ba. Ga ni kwance na kasa kunne, tarin nan nata na bayan girki yau ban ji shi ba.