Teburin Yaya Halliru

Litinin, 1 ga Yuli 2024
Likita ta ce hawan jini ne. Tafiyar ƙafa awa guda kullum, kuma a rage nama. Na kusa dariya, ɗan mahauci ake hana nama. To amma wa ya sani? A ofis ni ne Monsieur Abdou, babana kuma "dillalin shanu". Tun ina lise, wato sakandare, na ƙirƙiri wannan ƙaryar, har na saba.

Alhamis, 4 ga Yuli
Olivier, abokin aikina da aka turo daga Yawunde, ya ce zai riƙa bina. Na riga na nuna masa abin da nake nuna wa kowane baƙo: gadar Binuwai, babban masallaci, gidan namun daji. Ya ce duk ya gani a waya, shi lungu yake so. Muka kutsa unguwar Kollere bayan ruwa ya ɗauke, sai ga ni na ɓata. Shekara hamsin da ɗaya a Garwa! Wata mai soya ƙosai ta nuna mana hanya, ta tambaye ni da Fillanci ko ni baƙo ne. Na ce eh. Ya fi sauƙi.

Asabar, 6 ga Yuli
Yau na yi abin kunya.
Olivier ya ja ni kasuwa, wai matarsa Albertine na son nama. Na yi ta kauce wa layin mahauta, ya nace. Ya nuna wata cinya, ban san lokacin da hannuna ya kai ba. Na danna da yatsa, na duba kitsen, na ce tsohuwar saniya ce, kitsen ya yi rawaya, sai Albertine ta wuni tana hura wuta. Na ɗago masa wata daban. Ya buɗe baki, wai ina na koyi wannan?
Na ce, "A littafi."
Sai na ɗaga kai. Teburin Yaya Halliru ne, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Gidansa nakan je da Sallah, amma teburin nan shekara ashirin ban taka ba, ban ma san sun koma wannan layin ba. Ya dube ni, ya dubi Olivier, ya jira. Na ce masa bonjour. Bonjour, ni Abdulbaƙi!
Ya naɗe naman a takarda, ya ce, "Monsieur ya san nama. Allah ya ƙara karatu."

Lahadi, 7 ga Yuli
Naman ya yi laushi, in ji Albertine. Har ta aiko mini. Ban iya ci ba.

Laraba, 10 ga Yuli
Na bi ta unguwar Lopere ni kaɗai, ban ga komai ba. Halliru ya fi ni kai a makaranta, kowa ya sani. Da hannun Baba ya fara rawa, Halliru ne ya ajiye jakar makaranta ya ɗauki wuƙa, ni na wuce lise. Kullum aka yanka, Baba yakan cire bakin hanta ya ce na auta ne, ba a sayarwa. Bayan rasuwarsa Halliru ya ci gaba da ajiye mini, har na daina zuwa karɓa saboda wari a riga.

Asabar, 13 ga Yuli
Na kai bakin layin mahauta. Na ji ƙarar gatari a kan kututture, na juyo. Ragon banza.

Asabar, 20 ga Yuli
Ba wani abu ba ne, hanyar kasuwa ce ta fi inuwa. Albertine kuma ta sake aiken Olivier. Muka tsaya gaban teburin, na yi sallama, na ce, "Yaya, ina kwana?" Muryata kamar ba tawa ba. Na juya ga Olivier na ce wannan wana ne, teburin kuma na babanmu ne. Da Faransanci na faɗa, a hankali, sai na maimaita da Hausa don maƙwabta su ji.
Halliru bai ɗago ba. Ya ce, "Takalminka zai ɓaci." Na ce ya ɓaci. Ya gama da Olivier tsaf, sannan ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya fito da ƙunshin bakin hanta, naɗaɗɗe tun kafin mu zo. Ban tambaye shi tun yaushe yake ajiyewa ba, ina tsoron amsar.
Likita ta hana. Na gasa, na cinye.